Wasan barkwancin yaye 'yan SS3 ya haɗa ni da hedboi, ku ba ni shawara

Ɗan Mabera:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah yayyena da kunka riga mu hita sakandare ku ba ni shawara, wallahi kwana ukku ke nan abin ga na cina. Ni ɗan SS2 na a wata makarantar kwana ta maza nan cikin Sakkwato, sunan makarantar ku bar shi kawai don na san akwai masu leƙowa nan. Farkon zangon ga anka karɓe bajo daga hannun 'yan SS3 tunda sun shiga WAEC, anka raba muna, ni anka ba ni soshiyal firifet. Ba zaɓe anka yi ba, malamai sunka zauna ofis sunka rubuta sunaye, ranar Litinin wurin asambuli sai dai kowa ya ji sunanai. Ni ko na san dalilin da ya sa anka ba ni, surutu na da ban dariya, ba wani ƙoƙarin aji ba.

To aikin farko da anka ɗora min shi na in shirya wasan kwaikwayo na ranar yaye 'yan SS3 in sun ƙare NECO cikin Yuli. Iyaye za su zo, firinsifal na nan, ana ma cewa za a gayyato wani babba daga ma'aikatar ilimi. Minti 20 anka ba mu, tsakanin jawabin firinsifal da rabon kyaututtuka.

Mu bakwai munka zauna ƙarƙashin dogonyaro bayan firef munka tsara abin, munka sa mai suna Kotun Juniya. Wato rana guda duniya ta juye, 'yan JS1 sun kama mulki sun kafa kotu, ana kawo firifet ɗai-ɗai ana karanta mai laihinai. Alƙalin wani ɗan tsurut na wanda in ya zauna kujera ƙafafunai ba su taɓa ƙasa, mun aro mai babbar riga da hula zanna da ke rufe mai kunnuwa. Firifet na abinci ana tuhumar shi da ɓatan tsoka 14 daga tukunyar ranar Juma'a, shi ko yana rantsuwa wai tururi ya tahi da su. Taimkifa laihinai in lokacin hutun tara na agogonai gudu shi kai kamar an biyo shi, in ko darasin lissahi na sai ya tsaya cik. Leba firifet an yanke mai hukuncin ya nome hilin ƙwallo da cokalin shayi. Ni ma ban tsira ba, an kawo ni kan alkawarin daren kallo da na ɗauka tun satin farko har yau janareta ba ta ga mai ba. Akwai kuma shaida, Inna mai ƙosai ta bakin get, wadda za ta zo da littahin bashi ta karanto sunayen siniyoyi, wani abokina zai ɗaura zane ya hito a ita.

Inda rigimar take shi na ƙarshe. Shaida na ƙarshe malamin ladabtarwa na, kuma muna da wani yaro ɗan SS1 da in ya kwaikwaye shi ko matar malam sai ta waiga. Yadda shika turo hula gaba, dorina a hammata, ya tsaya ya ƙura ma ido ya ce "kai, zo nan da gudu a hankali." To malam yana ɗan ɗingishi tun wani haɗarin kabu-kabu da ya yi, yaron har wannan yana yi, ranar da munka gwada sai da wasu sunka kwanta ƙasa suna riƙe ciki.

Magana ta kai kunnen hedboi. Ya kira ni ɗakinai ya ce ni munahuki na, ina cikin firifet ina tona ma firifet asiri, wai in anka yi wasan ga babu juniyan da zai sake jin maganarmu har mu hita. Ya ce a cire nama, a cire malam, in ba haka ba zai kai ni wurin bais, mataimakin firinsifal. Amir na MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, shi kuma ya tare ni bayan Isha'i ya ce kwaikwayon mutum izgili na, kuma namiji da zane bai yarda ba. Malamin da ke kula da kulob ɗin dirama na same shi ya ce "ku yi abin da ya dace" ya hau mashin ya tahi.

In na cire duk abin da sunka ce, mi ya rage? Sai dai mu hito mu yi wasan illar shaye-shaye irin na bara da kowa ya yi ta hamma. Shin hedboi na da ikon hana wasa? Kuma malam, in je in gaya mai ko mu bari ya gani ranar kawai?

Tsohon Taimkifa:

Wa alaikumus salam ɗana. Da nig ga maganar agogo sai da niy yi dariya ni ɗai cikin shago, don ni taimkifa niy yi, kuma wallahi abin da kunka rubuta gaskiya ta, in malamin da ni ka so na cikin aji ni kan ƙara mai minti biyat, in wanda ba ni so na ƙarhen mota ni ka bugawa tun lokaci bai yi ba. Mu 1998 munka hita, lokacin ko NECO babu, sai 2000 anka hwara ta.

Bari in ba ka labarin abin da yaf faru da ni, kai ka auna. Muna aji biyat anka yi muna irin wanga biki, ni anka sa in kwaikwayi malamin lissahinmu. Mutumen kirki na, amma shina da in'ina, in ya zaka wurin wata kalma sai ya maƙale shina bugun allo da alli hal ta hito. To ni na iya shi ƙwarai. Ranar bikin da nih hito da alli a hannu na maƙale ina bugun allo, hilin ga baki ɗai yad ɗauka, iyaye na dariya, malamai na dariya, shi kainai malam shina dariya hal da share hawaye, da anka ƙare ya kira ni ya ba ni naira 20 yac ce yaro ka iya. Na kwana ina jin ni wani na.

Abin da ban tuna ba, malam shina da ɗa cikin makarantar, aji biyu. Tun daga ranar yaron ga bai sake jin sunanai na yanka ba. Duk inda yab bi sai a bugi bango a maƙale murya, dainin, masallaci, hilin ƙwallo, hal 'yan ajinsu sunka laƙa mai kalmar da ni maƙale a kanta, ita ta zan sunanai. Zango biyu yay yi anka canza mai makaranta. Malam bai taɓa ce min komi ba, ko a huska, kuma wanga shi yah hi ci min rai, da ma ya zane ni. Na gamu da yaron ga wajen shekara goma baya nan cikin babbar kasuwa, ya zan magidanci da ɗiyanai, munka gaisa lahiya lau amma na ga ya gane ni kuma na san mi yat tuna.

Don haka ɗingishin ga ka cire shi, ba don tsoron hedboi ba. Hula da dorina da "zo nan da gudu a hankali" malam shi yaz zaɓe su, kayan aikinai na, wanda yad ɗauki dorina ya san za a yi maganatai. Ƙahwa ko ba shi yaz zaɓa ba. Kuma ka lura, dariyar da yaran ga sunka yi hal sunka kwanta, kashi nawa na hula, kashi nawa na ƙahwa? Ku gwada ba ɗingishi ku gani, in ba a yi dariya ba to dama can ba wasanku ad da daɗi ba.

Sauran kotun ko kada ka taɓa min ita. Leba firifet da cokalin shayi, aradu da zamaninmu anka yi shi da na biya kuɗɗin kujera.

Bagobiri Mai Taurin Kai:

Hhhhh tsoka 14 kacal? Ashe firifet ɗinku mai tsoron Allah ne. Namu a makarantarmu da bokiti yake zuwa kicin, mu kuma a zubo mana gabza da miyar da in ka leƙa kana ganin fuskarka har da kunnuwa. Ni shawarata ku yi wasanku yadda yake, 'yan SS3 ai tafiya za su yi, kai kuma saura shekara ɗaya, bulala nawa ce a shekara ɗaya? Ka sa wando biyu ranar Litinin shi ke nan.

Malamin Hausa:

Bagobiri Allah ya shirye ka, kai da ba jikinka za a daka ba.

Ɗan Mabera, na ji daɗin tambayarka don abin da kuka tsara ba baƙo ba ne, kun dai sake gano abin da kakanninku suka daɗe suna yi, kuma yana cikin darasin wasan kwaikwayo na gargajiya da ake koya muku a aji in ba barci kake yi ba. Ka duba tashe. Daga goma ga watan azumi yara ke fitowa bayan shan ruwa, wani ya manna gemun auduga ya rataya allo ya fito a malam, ana ce masa ya yi rawa yana musantawa, ƙarshe ya cashe. Wani ya fito a tsoho, wani a mai magani, 'yan mata su yi zaman aure da kishi. Duk unguwa ta san wa ake nufi, kuma malaman allon na zaune ƙofar gida suna ba da sadaka. Akwai wasan gauta da matan fada ke yi, su kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban sarkin, har ya ga yadda ake ganinsa. Akwai kalankuwa bayan kaka, inda samarin ƙauye ke naɗa gwamnansu da alƙali da 'yan sanda su yi mulkin 'yan kwanaki har da cin tara. Ga 'yan kama da ke ɗauko salon karatun malamai su juye shi ya koma zancen tuwo da fura. Kotun Juniya taku jikar waɗannan ce, saboda haka in hedboi ya ce ba a taɓa yi ba ka ce masa ya zo ajina.

Amma akwai abin da ke riƙe da waɗancan wasanni wanda ku ba ku da shi tukuna. Kowa ya san lokacinsu, kowa ya yarda da su tun kafin a fara. Sarki ya san yau ranar gauta ce shi ya sa ya zauna. Kamar wasan taubasai ne ko na jika da kaka, ko Bagobiri da Bayarabe, ko Bafillace da Babarbare, ana faɗa wa juna magana mai nauyi ba a fushi saboda an gaji izinin. Ka ɗauki maganar nan ka faɗa wa wanda ba abokin wasanka ba ka ga yadda za ta kaya. Ku malaminku bai san da zancen ba, za ku yi masa kwanton ɓauna gaban iyaye da baƙo daga ma'aikata, mutumin da gobe zai iya zama mai sa hannu a takardar ƙarin girmansa. Wannan ba tashe ba ne.

Sannan tashe a ƙofar gida yake ƙarewa, a watse kowa ya je ya yi sahur. Naku wasan akwai waya sama da hamsin da za a ɗaga, kafin magariba yana WhatsApp, gobe wani ya yanko daƙiƙa 30 na ɗingishin kaɗai ya sa a TikTok ba kotu ba alƙali ba komai, sai malamin makaranta kaza ana masa dariya. Ka tuna a 2022 wata kotu a Kano ta sa an yi wa wasu samari biyu bulala 20 kowanne da tara da sharar kotu saboda bidiyon barkwanci da suka yi kan gwamna. Ba ina tsorata ka ba ne, malaminku ba zai kai ka kotu ba, ina nuna maka ne abin da aka yi don dariyar mutum 300 in ya fita waje wani abu yake zama.

Maganar amir kuma kada ka yi wasa da ita a garin nan. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu su yi wa wasu izgili, ta hana aibata juna da jifa da sunayen banza, kuma labarin da Tsohon Taimkifa ya ba ka shi ne tafsirinta a aikace. Sakkwato gari ne da aka kafa kan malanta, daga Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello, kuma ko a boko Sardauna da Shagari duk sai da suka riƙe alli kafin su riƙe mulki. Iyayen da za su zo wasu za su yi dariya, wasu kuma za su koma gida suna cewa makarantar nan ba tarbiyya.

Abin da zan ce ka yi, ka rubuta wasan tsaf a takarda, ka ɗauki yaron nan ɗan SS1 ku je wurin malam, ba a ofis gaban sauran malamai ba, ku same shi shi kaɗai bayan La'asar. Ka ce Malam mun zo neman izini ne, ga abin da muke so mu yi, in ka ce a bari an bari. Na shekara 16 ina koyarwa, masu riƙe dorina da yawa sun fi kowa son a ce an san da su. In ka yi sa'a ma ka roƙe shi ya taso daga kujerarsa a ƙarshen wasan ya kama mai kwaikwayonsa da kansa, ka ga malam biyu a fili ɗaya, ba abin da za ku rubuta da zai kai wannan ban dariya.

Abokin aikina da ya ce ku yi abin da ya dace ya hau mashin, wannan na san irinsa, so yake in ta yi kyau a ce kulob ɗinsa ne in ta ɓaci a ce bai gani ba. Ka kai masa takardar ya sa hannu.

Tsohuwar Hedigal:

Kowa ya taru kan malam an manta da hedboi, to ni bari in tsaya masa tunda na taɓa sa wannan bajon a makarantar 'yan mata ta kwana.

Ƙanena ka san me ake nufi da hedboi kuwa? Yaro ne ɗan shekara 17 da aka ce ya tashi mutum ɗari-ɗari sallar Asuba cikin sanyin hunturu, ya sa su shara, ya kai su asambuli kan lokaci, in abinci ya ƙare kafin layi ya ƙare shi za a zaga, in an fasa taga shi za a kira, in juniya ya gudu gida shi za a tambaya, kuma jarabawa ɗaya zai zauna da wanda ya kwana yana karatu. Ba albashi, ba wanda ya zaɓe shi balle ya ce jama'a na bayansa, malamai na ganinsa ɗalibi ɗalibai na ganinsa ɗan leƙen asirin malamai. Ni akwai watan Afrilun da famfo ya ƙafe ana wannan zafin namu na sama da digiri 40, na tsaya raba ruwan tanka bokiti ɗaya mutum biyu, ranar har ƙawata ta kusa ta daina min magana. Abin da kawai yake hannunsa shi ne wannan ɗan kwarjinin, kai kuma ka zo za ka sa ɗan JS1 ya yanke masa hukunci gaban babansa. Dole ya ji tsoro. Ban ce yana da gaskiya ba, cewa na yi ka gane inda yake masa ciwo.

Ikon hana wasa kam ba shi da shi, wannan na malamin kulob ne da firinsifal. Amma yana da ikon sa 'yan wasanka su yi ta wankin bayi har Yuli, ka san wannan.

Inda na ga kuskurenku babba ba ma malam ba ne, naman nan ne. Taimkifa da agogo wasa ne, leba da cokali wasa ne, amma tsoka 14 sata ce kuke cewa ya yi, kuma makaranta firifet na abinci ɗaya gare ta, ko ba ku faɗi suna ba an san shi. In sabon ne, wata nawa ya yi da har za a tara masa iyaye? In wanda zai fita ne, ranar yayensa ce, mahaifiyarsa ta yi ɗinki ta taho daga Gwadabawa ko Tambuwal da kular abinci. Ku juya tuhumar ta koma kan miyar kanta, a kawo ta kotu cikin bokiti a tambaye ta ina ta kai naman, ai ta fi ma ban dariya kuma saƙon zai je inda ya kamata ya je, don mu duka mun san ba a dainin nama ke fara ɓata ba.

Kuma kotun da ba lauyan kariya ai ba kotu ba ce. Ku ba firifet baki su ma su kai ƙarar juniya, masu ɓuya a bayi lokacin shara, masu ciwon ciki kullum ranar leba su warke lokacin abinci, masu kai tsegumi gida ranar ziyara. Ka je ka ce wa hedboi shi kake so ya zama lauyan, ka ba shi layukan da suka fi daɗi. Wanda ke kan dandamali ana tafa masa ba zai kai ka wurin bais ba.

Wata malamarmu ta tarihi ranar da aka ba mu bajo ta ce mana Nana Asma'u in za ta naɗa jaji, wato jagora cikin 'yan taru, matan da ke zuwa ɗaukar karatu wurinta, malfa take ɗora mata, matar ta koma ƙauyensu ta tattaro mata ta koyar da su, wai mu ɗauki bajon haka. Mun dai gyaɗa kai, washegari na sa mutum 12 tsallen kwaɗo.

Ɗan MSS:

Salam. Ni na yi amir a makarantarmu, kuma don kar a ɗauka mu ba mu son dariya, mu ma muna yin wasan kwaikwayo a tarukanmu, ƙungiyar nan tun 1954 take ba yau aka fara ba. Amir ɗinku ya yi daidai a kan zanen, akwai hani a kan namiji ya yi shigar mata kuma iyaye da yawa a nan ba za su ji daɗi ba, shi ma abokin naka ka tausaya masa don sunan da za a sa masa ka san shi. Meye wahala a mayar da ita Baba mai shayi ko mai rake? Littafin bashi ai ba jinsi gare shi ba. Sai dai sunayen da za a karanto kar su zama na gaskiya, bashi sirri ne. Sauran wasan in an cire aibin jiki kuma malam ya yarda ni ban ga matsala ba, har ma ina so a sa amir a kotun, a tuhume shi da doguwar nasiha bayan Isha'i ana jin yunwa.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Baba Taimkifa labarinka ya sa jikina ya yi sanyi, don malam na da ƙane a JS3 kuma wallahi ko kaɗan bai zo min a rai ba. Mun cire ɗingishi. Mun gwada ba shi, an yi dariya amma gaskiya ba kamar da ba, yaron ma ya ɗan yi fushi wai an cire mai inda ya hi iyawa.

Allah gafarta Malam na bi shawararka. Jiya bayan La'asar munka same shi bakin masallaci yana cin gyaɗa, gabana na faɗuwa na miƙa mai takarda. Ya karanta tun daga farko bai ce uffan ba, da ya zo wurin cokalin shayi na ga gemunai ya motsa. Sai ya ce ma yaron to yi in gani. Yaron ga ya turo hula ya sa reshen dogonyaro a hammata ya ce zo nan da gudu a hankali, murya na rawa. Malam ya daɗe yana kallonai sannan ya ce "ba haka nika yi ba, ni ba na nuna mutum da yatsa, da dorina nika nunawa, sake." Sau huɗu yana sa shi yana gyara mai. Maganar ya taso ya kama shi a ƙarshe ya ce zai yi tunani, amma ya ce in har zai hito to da dorinar gaske zai hito, yaron tun jiya bai da sukuni.

Anti Hedigal, miya ta shiga kotu, mun ma samu wanda zai shiga cikin bokitin ya yi muryarta. Inna ta koma Baba mai shayi, amir ya ce shi ba ruwanai amma kar a taɓa nasiha. Hedboi na je na same shi da maganar lauya, ya ce shi ba ɗan wasa ba na, na ce to shi ke nan zan ba mataimakinai, ban kai ƙofa ba ya ce in bar takardar zai duba. Har yanzu dai bai amsa gaisuwata.

Malamin kulob na kai mai ya sa hannu ya ce bironai ya ƙare, gobe zan koma da biro biyu.

Yanzu abin da ya rage lasifika. Ta makaranta makirfo ɗaya gare ta mai waya kuma in an matsa sai ta yi kuka, alƙalinmu ko muryarshi ba ta wuce layin gaba. In akwai wanda ya san mai ba da hayar marar waya da sauƙi wajen Mabera ko Gawon Nama ya taimaka ya faɗa min nawa za ta kai na yini ɗaya, kuɗin da munka tara naira 3,500 na kuma a ciki za mu sayi auduga ta gemu.